TARIHI: Hannes Alfvén, masanin da aka daɗe ana ƙin saurara, wanda watan Mushtari ya ba wa shaida

A ranar 5 ga Maris, 1979, kumbon Voyager 1 na Amurka ya gifta ta ƙarƙashin Io, ɗaya daga cikin manyan watanni huɗu da ke kewaya duniyar Mushtari kamar yadda namu watan ke kewaya Ƙasa. Mushtari ita ce wadda kafofin labarai suka fi kira Jufita, babbar yaya a cikin duniyoyin da ke zagaya Rana. An tsara hanyar kumbon ne domin ya keta ta tsakiyar wani kogin wutar lantarki da masana suka daɗe suna hasashen yana gudana tsakanin Io da Mushtari. Da kumbon ya isa, bai tarar da kogin a inda aka zana masa ba, sai ya wuce ta gefensa. Duk da haka na'urar auna maganaɗisu da ke jikinsa ta ji motsin, kuma da aka zauna lissafi aka samu wutar ta kai kusan amfiya miliyan 3.

Abin da ya karkatar da kogin daga inda aka zata wata irin taguwa ce da wani ɗan ƙasar Suwidin ya bayyana a takarda shekara 37 kafin wannan rana, a lokacin da manyan fanninsa ke ganin ba ta ma yiwuwa. Sunansa Hannes Alfvén. Ya shafe rabin rayuwarsa yana jayayya da dattawan kimiyya, sauran rabin kuma yana jayayya da gwamnatin ƙasarsa. Ya yi gaskiya a wasu wuraren, ya ɓata a wasu, kuma da taurin kai iri ɗaya ya yi duka biyun.

Ɗan likitoci daga Norrköping

An haifi Hannes Olof Gösta Alfvén ranar 30 ga Mayu, 1908, a Norrköping, garin masaƙu da ke kudu da Stockholm. Mahaifinsa Johannes likita ne, mahaifiyarsa Anna-Clara Romanus ita ma likita ce, tana cikin matan farko da suka kama wannan aiki a Suwidin. Baffansa Hugo Alfvén shahararren mai tsara kiɗa ne. Abu biyu suka ja hankalin yaron: wani littafin ilimin taurari na Bafaranshe Camille Flammarion da ya karanta yana matashi, da ƙungiyar masu haɗa rediyo ta makarantarsu. Waɗannan biyun, taurari da wayoyin lantarki, su ne suka zama aikinsa har tsufa.

Ya yi karatu a Jami'ar Uppsala, ya kammala digirin dakta a 1934. A 1940, yana da shekara 32, aka ba shi kujerar farfesa a Babbar Cibiyar Fasaha ta Stockholm, a sashen da ya shafi lantarki. Wannan asali yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya. Alfvén yana kallon sararin samaniya da idon injiniya: idan ya ga haske ko zafi a wani wuri, tambayarsa ta farko ita ce daga ina wutar ta taso, ta wace hanya ta bi, a ina kuma ta koma. Masanan da ke riƙe da fannin a wancan zamani mafi yawansu gwanayen lissafi ne, waɗanda ba su cika shiga ɗakin gwaji ba.

Rigimarsa ta farko gadonta ya yi. A ƙasashen can arewacin duniya, akwai wani haske mai launin kore da ja da ke rawa a sama da daddare, wanda ake kira aurora. Wani masani ɗan Norwe, Kristian Birkeland, ya kafa tashoshin awo a yankunan ƙanƙara a farkon ƙarni na 20, ya kuma ƙera ƙaramar ƙwallo mai maganaɗisu a ɗakin gwaji yana harba mata lantarki. Daga nan ya yanke cewa wutar lantarki na saukowa daga sararin samaniya, tana bin layukan maganaɗisun Ƙasa, ta shiga saman iska ta kunna wannan haske, sannan ta koma. Birkeland ya rasu a Tokyo a 1917, ra'ayinsa kuma ya kusa binsa kabari, domin wanda ya zama jagoran fannin bayansa, Baturen Ingila Sydney Chapman, bai yarda da shi ba. A wajen Chapman, wutar tana zagayawa ne kawai a kwance a cikin saman iskar Ƙasa, babu mai saukowa daga waje.

Chapman ba ƙaramin mutum ba ne. Ya riƙe kujerar farfesa a Oxford, shi ya jagoranci kwamitin babban shirin binciken Ƙasa na duniya na 1957 zuwa 1958, kuma lissafinsa tsaf yake. A 1939 Alfvén ya rubuta maƙala yana farfaɗo da ra'ayin Birkeland, ya aika wa babbar mujallar fannin da ke Amurka, aka mayar masa da ita saboda ta saɓa wa abin da aka riga aka amince da shi. Dole ya buga ta a mujallar Kwalejin Kimiyya ta Suwidin, inda masu karatu ba su da yawa. Daga baya Alfvén ya sha ba da labarin ziyarar da Chapman ya kai Stockholm, inda aka sake haɗa gwajin ƙwallon Birkeland domin baƙon ya gani da idonsa, amma ya ƙi sauka ɗakin gwajin. Daga bakin ɓangare ɗaya labarin ya fito, sai dai ya yi daidai da yadda Chapman ya riƙa kauce wa muhawarar a fili tsawon shekaru.

Adalci ya wajaba a nan. Daga doron ƙasa ba a iya raba gardamar, domin alamar da allurar maganaɗisu ke nunawa a ƙasa kusan ɗaya ce ko da wanne daga cikin ra'ayoyin biyu ne gaskiya. Laifin Chapman da mabiyansa shi ne sun ɗauki tambayar da ba ta da amsa tukuna a matsayin wadda aka rufe, suka kuma yi amfani da ikonsu a mujallu wajen toshe bakin mai ja.

Taguwar da aka ce ba ta yiwuwa

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Alfvén ya aika wa mujallar Nature gajeruwar wasiƙa da ba ta cika shafi guda ba. Tunanin baƙaƙen tabon da ke fitowa a fuskar Rana ne ya kai shi ga abin da ke cikinta.

Idan aka gasa iskar gas ƙwarai, ƙwayoyin zarrarta kan rabu da wasu daga cikin ilektoron ɗinsu, sai iskar ta koma mai ɗauke da caji, mai iya wuce da lantarki kamar waya. Wannan shi ake kira filasma. Rana filasma ce, taurari ma haka, haka kuma siririyar iskar da ke tsakanin duniyoyi. Abin da aka koyar a lokacin shi ne taguwar lantarki da maganaɗisu ba ta iya ratsa abu mai wuce da lantarki sosai, tana shiga take mutuwa. Alfvén ya lura cewa wannan hukunci ya dace da ƙarfe, wanda ke tsaye wuri ɗaya, amma filasma tana motsi. Idan tana cikin filin maganaɗisu, takan manne wa layukansa ta ba su nauyi, layukan kuma suna ɗaure tamau kamar tsirkiyar garaya. A taɓa tsirkiya a wuri ɗaya, girgizar za ta bi tsawonta har ƙarshe. Haka ma idan wani abu ya ture filasma, girgizar za ta bi layin maganaɗisu ta yi tafiya mai nisa ɗauke da ƙarfi. Ya kuma ba da saurinta: yana ƙaruwa idan maganaɗisu ya yi ƙarfi, yana raguwa idan filasma ta yi kauri. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce za ta warware abin da ya faru da Voyager.

Shekara shida ana ɗaga wa wasiƙar kafaɗa. Labarin da ya shahara a tsakanin masana shi ne a 1948 Alfvén ya gabatar da lacca a Shikago, Enrico Fermi na zaune, ya saurara ya gyaɗa kai ya ce lallai abin zai yiwu, kuma daga ranar kowa ya ga hasken maganar. Ko da an ƙara wa labarin gishiri, yana nuna yadda amincewa ke tafiya a duniyar ilimi: hujjar tana nan yadda take tun 1942, mai gyaɗa kan ne ya sauya. A 1949 Stig Lundquist ya nuna alamun taguwar a cikin ruwan zaiba a ɗakin gwaji a Stockholm, a 1950 kuma Alfvén ya fitar da littafinsa Cosmical Electrodynamics, wanda ya zama tushen sabon fanni.

Gardamar aurora kuwa sai da aka hau sama aka raba ta. Wani tauraron ɗan Adam na sojan ruwan Amurka ya riƙa jin girgizar maganaɗisu duk sanda ya ratsa ta saman yankunan aurora, kuma a 1967 Alex Dessler da ɗalibinsa David Cummings suka nuna cewa wutar Birkeland ce. Dessler kansa ya taso ne a kan koyarwar Chapman kafin ya sauya. Gani ya kori ji. Chapman ya rasu a watan Yunin 1970, bayan wata huɗu aka sanar da Alfvén a matsayin wanda ya ci lambar Nobel ta kimiyyar fiziks, wadda ya raba da Bafaranshe Louis Néel.

Janareta mai girman wata

Labarin Io ya faro ne ba tare da Alfvén ba. A 1955 Bernard Burke da Kenneth Franklin suka gano cewa Mushtari na fitar da ƙarar rediyo mai ƙarfi. A 1964 wani masani a Ostireliya, E. K. Bigg, ya lura da abin mamaki: ƙarar kan tsananta ne idan Io ya zo wasu wurare na musamman a kan hanyarsa. Ta yaya ɗan dunƙulen dutse da bai fi watanmu girma da yawa ba, mai nisan kilomita 422,000 daga Mushtari, zai riƙa kunna rediyon duniyar da ta fi kowace girma?

Amsar tana cikin bambancin sauri. Mushtari na juyawa a kanta sau ɗaya cikin ƙasa da awa 10, filin maganaɗisunta, wanda ya fi na kowace duniya ƙarfi, yana juyawa tare da ita. Io kuwa sai ya yi kimanin awa 42 da rabi kafin ya kammala zagaye ɗaya. Saboda haka maganaɗisun Mushtari kullum yana cim ma Io daga baya yana share shi da gudun kusan kilomita 57 a daƙiƙa. Duk wanda ya taɓa buɗe janareta ya san abin da ke faruwa idan maganaɗisu ya gifta ta jikin abu mai wuce da lantarki: wuta ke tashi. A Io, ƙarfin turin ya kai kimanin bolt 400,000 daga wannan gefe zuwa wancan. A 1969 Peter Goldreich da Donald Lynden-Bell suka zana tsarin a matsayin da'ira guda rufaffiya: wuta ta fita daga Io, ta bi layin maganaɗisu zuwa saman iskar Mushtari, ta dawo ta ɗaya layin. Wannan zanen aka bi aka tsara hanyar Voyager.

Abin da ba a sani ba shi ne Io na ta aman wuta. Kwanaki kaɗan bayan giftawar kumbon, wata injiniya mai suna Linda Morabito ta ga wani tururi ya tashi sama daga gefen watan a cikin wani hoto. Ashe jan da Mushtari da sauran watanni ke yi wa Io yana murza cikinsa har ya narke, ya mai da shi wurin da ya fi ko'ina duwatsu masu aman wuta a duk abin da ke kewaya Rana. Kimanin tan ɗaya na ƙibiritu da iskar oksijin ke tserewa daga Io kowace daƙiƙa, su zama filasma, su taru su yi wani ƙaton zobe mai kauri a kan hanyar watan.

A nan ƙa'idar 1942 ta shigo. Filasma mai kauri na rage saurin taguwar Alfvén. Girgizar da Io ke tayarwa tana ɗaukar lokaci kafin ta fita daga zoben, kuma a duk tsawon lokacin iskar da ke gudu tana jan ta gaba. Saboda haka hanyar wutar ba ta miƙe sak a kan layin maganaɗisun da ya taɓa Io ba, ta karkata kamar hayaƙin da iska ke kaɗawa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Masana na kiran waɗannan hannuwa biyu fukafukan Alfvén. An fara amfani da sunan ne a 1965 wajen bayyana abin da ke rage gudun taurarin ɗan Adam a kewayen Ƙasa, sannan a 1980 Bajamushe Fritz Neubauer ya fitar da cikakken lissafinsu a kan Io. A inda fukafukan suka taɓa saman Mushtari, wani ɗigon haske na bayyana yana bin watan duk inda ya nufa, kamar sawun ƙafa. An fara ganinsa a 1993, Alfvén na da rai.

Shi kansa bai taɓa aiki a kan Voyager ba, kuma ba shi ya warware matsalar Io ba. Wasu ne suka ɗauki makamin da ya ƙera suka yi aikin. Amma hoton da ya fito, na wuta mai bin layukan maganaɗisu tana haɗa jiki biyu masu nisa tana kunna haske a ƙarshenta, shi ne ainihin hoton da aka mayar masa da maƙalarsa a kansa a 1939.

Daga ɗakin gwaji zuwa fagen siyasa

A watan da Voyager ya gifta Io, ranar 28 ga Maris, 1979, tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka ta yi hatsari. Ga mutanen Suwidin na lokacin, wannan labari ne ya fi tuna musu da Alfvén, domin a gida an fi saninsa da rigimar nukiliya fiye da taguwa.

Da farko yana cikin masu goyon baya. Bayan yaƙi ya zauna cikin masu ba gwamnati shawara kan makamashin nukiliya, a lokacin da Suwidin ke neman dogaro da yuraniyom ɗinta, tana kuma nazarin ƙera makamin ƙare-dangi a asirce, shirin da ta yi watsi da shi ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman a 1968. Saɓani ya taso ne a kan tashar Marviken, wadda Alfvén ya soki tsarinta a fili. Dangantakarsa da hukumomi ta yi tsami, ya ga ana matse kuɗin bincikensa, sai a 1967 ya bar ƙasar. Ya ɗan zauna a Tarayyar Sobiyat, sannan ya karɓi kujera a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, daga baya ya riƙa raba shekararsa tsakanin can da Stockholm. A 1970 aka soke aikin Marviken ba tare da an taɓa zuba mata makamashin nukiliya ba, aka mai da ita tashar da ke ƙona mai.

Daga nan ya zarce ya zama mai adawa da wutar nukiliya gaba ɗaya. Hujjarsa ta injiniya ce, ba ta tsoro ba. Yana cewa tashar nukiliya za ta zauna lafiya ne kawai idan kowace na'ura ta yi aiki daidai, kowane ma'aikaci ya bi doka, babu zagon ƙasa, babu yaƙi, babu juyin mulki a inda aka ajiye sharar da za ta daɗe dubban shekaru tana da guba, kuma babu al'ummar da za ta iya ɗaukar wannan alkawari. Ya kuma dage cewa ba a raba wutar nukiliya da makamin nukiliya, tunda daga tukunya ɗaya suke fitowa. Daga 1970 zuwa 1975 shi ne shugaban Pugwash, ƙungiyar masana daga Gabas da Yamma masu neman a kwance ɗamarar makaman ƙare-dangi. Yana cikin 'yan tsirarun da suka kasance mambobin kwalejin kimiyya ta Amurka da ta Sobiyat a lokaci guda.

Maganarsa ta sami kunne a wajen Thorbjörn Fälldin, manomi mai kiwon tumaki da ke jagorantar jam'iyyar Centre. Fälldin ya mai da adawa da nukiliya tutar jam'iyyarsa, kuma a zaɓen 1976 ya kayar da Olof Palme, ya kawo ƙarshen mulkin shekara 44 na jam'iyyar Social Democrat. Samun mulki ya fi cika alkawari sauƙi. Abokan haɗakar Fälldin na son nukiliya, ya amince aka kunna sabuwar tasha a Barsebäck duk da abin da ya faɗa a yaƙin neman zaɓe, kuma a 1978 gwamnatinsa ta rushe a kan wannan batu. Bayan hatsarin Amurka aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Maris na 1980, majalisa ta tsayar da 2010 a matsayin shekarar rufe tashoshin. Da 2010 ta zo, majalisar ta ba da damar gina sababbi a madadin tsofaffi. Yau tukwanen nukiliya shida na aiki a Suwidin, suna ba da kusan kashi 30 cikin 100 na wutar ƙasar, kuma damuwar sauyin yanayi ta sa wasu masu kare muhalli na ganin Alfvén ya auna haɗari ɗaya ya manta da ɗaya. Tambayarsa game da shara da yaƙi kuwa ba ta tsufa ba, kamar yadda halin da tashar Zaporizhzhia ta shiga a yaƙin Yukiren ya nuna.

A tsakiyar wannan duka ya sami lokacin rubuta ƙagaggen labari. A 1966, da sunan aro Olof Johannesson, ya fitar da littafi kan yadda kwamfutoci suka karɓe ragamar duniya a hankali, mutane na murna da sauƙin da suka samu.

Inda taurin kai bai biya ba

Mutumin da aka yi wa dariya sau biyu kuma ya fito da gaskiya yana iya fara ɗaukar dariyar a matsayin hujja. Alfvén bai taɓa yarda da ra'ayin da ke cewa sararin samaniya ya faro ne daga wani yanayi mai tsananin zafi da matsi, wanda ake kira Babbar Fashewa, ba. Yana ganinsa tatsuniya ce da aka yi wa ado da lissafi. Tare da Oskar Klein ya gina wani tsari na dabam, inda karo tsakanin abu da kishiyar abu ke tura taurari nesa da juna. A 1965 aka gano ragowar zafin farkon halitta yana zuwa daga kowace kusurwa ta sama, daga baya tauraron COBE ya auna shi da daidaiton da ya dace da hasashen Babbar Fashewa. Tsarin Alfvén bai iya bayyana wannan ba, hasken da ya kamata karon nasa ya haifar kuma ba a gan shi ba. Bai janye ba har ya rasu. Ma'aunin da ya kafa wa Chapman, cewa awo ne alƙali, shi ne ya kayar da shi a nan.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan ban sha'awa. A shekarunsa na ƙarshe ya riƙa gargaɗin masana game da ra'ayinsa na kansa, wato mannewar filasma ga layukan maganaɗisu, yana cewa an mai da shi doka alhali kusantawa ce kawai da ke karyewa a wurare masu muhimmanci. Har a laccarsa ta Nobel ya soki masu zana sararin samaniya a allo ba tare da sun taɓa ganin yadda filasma ke bijirewa a ɗakin gwaji ba. Abokan aikinsa da yawa sun same shi mai wuyar sha'ani, kuma bai daina kokawa da masu tace maƙaloli a ɓoye ba ko bayan da ya zama mai lambar Nobel.

Ya rasu ranar 2 ga Afrilu, 1995, a gidansa da ke Djursholm kusa da Stockholm, yana da shekara 86. Shi da matarsa Kerstin sun haifi 'ya'ya biyar. A watan Oktoba na shekarar aka ba Pugwash da Joseph Rotblat lambar Nobel ta zaman lafiya. A watan Disamba kuma kumbon Galileo ya isa Mushtari.

Ranar 27 ga Yuni, 1996, Galileo ya gifta kusa da Ganymede, wata mafi girma a duk tsarin Rana, mai faɗin kilomita 5,268. Tawagar Margaret Kivelson ta ga allurar na'urarta ta juya ta yi ƙarfi yadda ba a zata ba. Ganymede na da maganaɗisun kansa, wanda ke fitowa daga narkakken ƙarfen cikinsa, kuma har yau shi kaɗai ne watan da aka sani da haka. Ya haƙa wa kansa ɗan ƙaramin gida a cikin babban gidan maganaɗisun Mushtari. Siffar gidan ta bambanta da ta Ƙasa. Iskar Rana na dukan maganaɗisun Ƙasa da gudun da ya fi na taguwar Alfvén, shi ya sa take tara wani bango a gaba ta ja doguwar jela a baya. Filasmar da ke isa Ganymede kuwa ba ta kai saurin taguwar ba, don haka babu bango, sai fukafukai biyu da suka miƙa zuwa Mushtari, da nasu ɗigon hasken a can.

A Europa, wani watan na Mushtari, awon ya tono abin da ya fi haka. Maganaɗisun Mushtari a karkace yake da kimanin digiri 10, saboda haka yana kaɗawa a wajen Europa duk bayan kusan awa 11. Galileo ya ga watan yana mayar da martani da nasa maganaɗisun da ke juyawa daidai da wannan kaɗawa, abin da ba ya faruwa sai in akwai wani abu mai wuce da lantarki a ƙarƙashin ƙanƙarar. Abin da ya fi dacewa da awon shi ne teku mai gishiri. Kafin a kai ga wannan sakamako, sai da aka lissafa tasirin fukafukan Alfvén aka cire shi daga abin da na'ura ta auna. A 2005 irin wannan lanƙwasar maganaɗisu ce ta sa tawagar Michele Dougherty ta nemi a sauko da kumbon Cassini kusa da Enceladus, ƙaramin watan duniyar Zuhal, inda aka tarar da ruwa na feshi daga ƙasansa. A 2015 kuma na'urar hangen nesa ta Hubble ta nuna cewa aurorar Ganymede na lilo da digiri 2 kacal maimakon 6 da ake tsammani, alamar shi ma yana ɓoye da teku.

Kumbo biyu na kan hanya yanzu. Europa Clipper na Amurka ya tashi a watan Oktoban 2024, ana sa ran isarsa a 2030. JUICE na hukumar sararin samaniyar Turai ya tashi ranar 14 ga Afrilu, 2023, zai isa Mushtari a 2031, kuma an tsara ya shiga kewaya Ganymede a ƙarshen 2034. Ɗaya daga cikin na'urorinsa goma, wadda za ta auna taguwar rediyo da ta filasma, an jagoranci ƙera ta ne a Uppsala, garin da Alfvén ya yi karatu.